Malam Haruna da Bishiyar Zogalena

Duk wanda ya san Malam Haruna, mijin yayata Abu, ya san ba ya wuce bishiyar zogale bai tsaya ba. Ko masallaci za shi an ta da iƙama, sai ya ɗaga kai ya dubi tohon nan ya haɗiye yawu. Mu matan Mabai har takun takalminsa mun sani. Da an ji shi a lungu, sai wata ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciyarta, ga shi nan tafe, kowa ta tsare bishiyarta.

Kuma ba ci yake ba fa, albasarsa yake ba wa! Wani malamin gona ne ya faɗa a taro a Ƙanƙara cewa in aka daka ɗanyen tohon zogale, aka tace, aka sirka da ruwa aka fesa wa shuka, tana ƙara kuzari. Sauran manoma suka ji suka watse, shi kuwa Malam ya ɗauko maganar ya kawo mana gida. Wai takin dabbobi shi ne tuwon albasa, wannan na buɗe ciki ne don ta ci da marmari.

Akwai abin da ya tsaya masa a rai. Fadamar gadonsu ta gaji, albasa sai lawashi, ba kai. 'Ya'yan 'yan'uwansa suka matsa a sayar wa masu buga bulo a raba. Malam ya roƙi a bar masa ita ya yi jinyarta, in ta ƙi tashi su sayar. Tun daga ranar zogalen garin nan bai sake samun kwanciyar hankali ba.

Ni aka fi cuta, don kwaɗon zogale nake sayarwa, kuma bishiyata ta fi ta kowa. Ran nan na tafi barka, na dawo na tarar da ita tas, kamar kan jaririn da aka aske ran suna. Ko mayafi ban aje ba na nufi gidansu, na same shi yana daka da kansa, Yaya Abu ta hana shi taɓarya ya samo guntun icce. Na zazzaga masa ta cikina, har da cewa sai na kai ƙara wurin mai gari. Ya bari na gama tsaf.

"Talatu, masu cin kwaɗonki suna da bakin roƙo," in ji shi. "Albasa fa, wa za ta roƙa?"

Na kewaye bishiyar da ƙaya. Bai yi fushi ba, sai dai kullum muka gaisa ya tambayi maigida, ya tambayi yara, sannan ya rage murya ya ce ya mai jiki a kurkuku.

Wata ɗabi'arsa kuma, ba ya fesa komi sai ya kurɓa. Ya ce abin da bai iya sha ba, ba ya ba 'ya'yansa. Da zogale ne ai da sauƙi. To sai ƙwari suka faɗa wa lawashi, aka ce ya jiƙa ganyen bedi, wato dogon yaro, mai ɗacin nan da ko akuya sai ta yi shawara. Yaya Abu ta ce kada ya sha, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Ya ɗaga moɗa ya kurɓa. Kai jama'a! Fuskar nan ta tattare wuri guda, hawaye shar, ya wuni yana tofar da yawu. Da aka dama masa fura ya ɗanɗana, sai ya ture ƙwaryar ya ce Abu hannunta ya fara lalacewa.

Labarin Alhaji Mudi kuwa har gobe ana ba da shi. Dillalin albasa ne daga Sheme, mai farin gemu da yake ji da shi. Ya zo fadama ganin amfani, azahar ta yi, ya ga buta a gindin bukka ya ɗauka. Malam kuwa don tsumulmula bai yarda ya sayi jarka ba, a buta yake aje ruwan zogalensa. Alhaji yana hira yana alwala, sai da ya tsefe gemu ya ga hannunsa kore shar. Ya yi tsalle yana salati. Malam bai ko ba shi haƙuri ba, butar ya fara leƙawa ya ga nawa ya rage.

"Alhaji, alwala kam sai ka sake," ya ce, "amma gemun nan ka bar shi, mu ga abin da zai yi kafin kasuwa ta zagayo."

Ana haka fadama ta fara dawowa, kaɗan-kaɗan. Masu son sayarwa suka ce a ga noman rani ɗaya, daga shi magana ta ƙare. Malam ya zuba taki, ya yi dashe, ya yi ban ruwan farko. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan an share makoki na shiga wurin Yaya Abu, tana cikin takaba. Na tarar ta jawo turmi tsakar gida, ta ɗauko taɓaryar nan da ta sha ɓoye masa, tana zaune tana kallon turmin ba komi a ciki. Na koma gida na janye ƙayar nan da hannuna, na tsige bishiyar tas fiye da yadda Malam ya taɓa yi mata, ina tsiga ina kuka. Muka daka, muka tace, ɗansa Sanusi ya zo ɗauka ya kai fadama. Yaya Abu ta ce ya dakata. Ta ɗebo a moɗa ta kurɓa, ta miƙo mini, ni ma na kurɓa. Haka muka yi har albasa ta ƙosa.

Ta yi kai, ja jawur, har Alhaji Mudi ya zo da kansa, da butarsa daga gida. Ba wanda ya sake ta da zancen bulo.

Ban mayar da ƙayar ba. Wallahi har yau in na ji taku a lungu sai na ɗaga kai na dubi bishiyar. Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa, ni dai na yafe ganyena duka. Allah ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya ƙasar nan da ta gaji. Amin.