Auta, Kawu da Harafin P

Autanmu bai iya furta P ba. Ba laifinsa ba ne, a unguwar Nakkasa ta ƙasa mai tsarki aka haife shi, ya tashi da Larabci a baki, su kuwa Larabawa Allah bai saka wannan harafin cikin rabonsu ba. Duk inda ya fito sai su danna masa B su wuce abinsu. A gida Umma za ta yi wa Auta Hausa, ya amsa da Larabci, kowa ya kama gabansa.

Bayan an rushe unguwarmu mun koma Ka'akiyya, Auta yana jan tasi, har ciwon baya ya sa shi gaba. Likita ya ce ko ya bar zaman mota ko a yi masa aiki. Ana cikin haka sai ga waya daga wani babban otal kusa da Harami, wai ya zo ganin manaja, suna neman mai tarbar baƙi. Umma ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa, da yake ni ce babba kuma bakina ba ya shiru, na ce, "A dakata da guɗar nan. Otal irin wannan da Turanci za su tare shi."

Nan Kawu ya tsoma baki. Ƙanen Umma ne, ya zo ƙasar nan ta hanyar Sudan tun yana saurayi, yana sayar da carbi da turare a unguwar Shisha. Shi ne Baturen zuri'armu, saboda ya taɓa leƙa firamare a Kano kafin a koro shi. Ya ce a bar masa yaron.

Kullum bayan la'asar sai ya zo ya harɗe a kan kafet, goro a kunci. Auta ya ce, "Biliz," wai shi please na Turanci.

"Kai, wane irin biliz? Balarabe kawai! Filis ake cewa. Ce filis."

Auta ya ce basbor, Kawu ya ce fasfo, har da buga cinya. Ina kicin na yi dariya har na ƙona albasa. Na leƙo na ce, "Kawu, gwano ba ya jin warin jikinsa. Shi ya saka B, kai ka saka F, shi harafin yana can yana jiran mai ɗaukarsa."

"Ke, da kina ina na yi magana da Bature ido da ido?"

"Me ya ce maka?"

"Ya ce in matsa."

Sai na karɓe aikin. Na ga wata malama a waya tana nuna dabara: ka riƙe tishu a gaban baki, ka haɗe leɓe ka sake da iska, in takardar ta motsa to ka furta. Auta ya duƙufa, safe da yamma, puf, puf, puf. Kawu ya ce a ba shi ya nuna mana yadda manya ke yi, ya fesa wa tishun jan goro har da gefen labule. Maƙwabciyarmu 'yar Yaman ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani ne ba lafiya ake masa tofi. Amma wallahi yaron ya iya. Ranar da tishun ya tashi sama na ji daɗi kamar ni na haife shi.

Ran ganawar ya fita cikin farar jallabiya yana ƙamshi. Kafin azahar ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba.

Na ce, "Yaya aka yi? Harafin ne ya maƙale?"

Da Larabci ya ba mu labarin. Ko kalmar Turanci ɗaya manajan bai tambaye shi ba. Cewa ya yi masu Turanci sun yi masa yawa, ga Indiyawa ga 'yan Filifin. Laƙabin gidanmu ya gani ya gane Bahaushe ne, otal ɗin kuma kowane lokaci cike yake da alhazan Najeriya da Nijar, babu mai jin abin da suke cewa. Ya ja shi zuwa falon baƙi. Wata tsohuwa ce zaune a ƙasa kusa da jakarta, tana kuka tun safe. Manaja ya ce, "Ji mana matsalarta."

"Sai ka ce me?"

"Na ce sannu, Hajiya."

Tsohuwa ta ji Hausa, ta cafke masa hannun riga tana "Alhamdu lillahi, ɗan nan, Allah ya kawo ka," ta shiga zuba bayani. Shi kuwa yana gyaɗa kai yana "to, to." Da manaja ya tambaye shi me ta ce, sai ya tsaya yana kallon silin. Aka ce ya je za a kira shi. Kowa a garin nan ya san ma'anar za a kira ka.

Raina ya ɓaci, na rasa wa zan zaga, ni ko manajan. Kawu ya gyara murya ya ce da shi aka kira da tuni an gama. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka ci goronka."

Umma tana tsintar shinkafa, duk abin nan ba ta ɗago ba. Can ta ajiye faranti.

"Auta, matar nan me ya same ta?"

Ya ce bai sani ba.

"Ka baro ta tana kuka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gyaɗa kan nan da kake yi mini in ina magana, kana cewa to, to. Ni ma haka ne?"

Auta ya buɗe baki zai ba ta amsa da Hausa. Muka jira. Hausar ba ta zo ba.