Shafin Bitrus da Malam Sada ya soke

Akwai wata Litinin da har na yi ritaya ba ta fita raina ba. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, ana ta buɗe makarantu, malamai kuma na ta gudu zuwa kamfanoni. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a ƙasar Faskari, sai malamin addinin Kirista ya ajiye alli ya tafi Kaduna, saura wata biyu jarrabawar fita. Ya bar ɗalibai bakwai, 'ya'yan manoma daga ƙauyukan Ƙanƙara da Sabuwa. Aka ce ni zan riƙe su, wai ai ina jin Turanci. Ni Musulmi ne, ban taɓa buɗe littafinsu ba.

Na zauna na karanta, wata guda ya tafi a haka. Darasin da ya rage shi ne yadda littafin ya siffanta Bitrus, babban almajirin Annabi Isa: mai saurin baki, mai yawan alkawari da baki, wanda da aka kama ubangidansa ya ce bai san shi ba har sau uku, daga baya ya yi kuka, ya zama jagora.

Ƙa'ida ita ce kowace Litinin malami ya kai tsarin darasinsa mataimakin shugaba ya sa hannu, in ba haka ba ba ya shiga aji da shi. Namu, Malam Sada, mutum ne mai tsoron Allah, amma in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Litinin ɗin nan da na kai masa nawa, ya karanta, ya soke shafin musun Bitrus gaba ɗaya.

"Wanga sahabin annabi ne," in ji shi. "Ba a tona asirin manya gaban yara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, littafinsu ne ya faɗa, kuma nan ake yawan ciro tambaya."

"Ka hwaɗi alherinshi, ka bar sauran."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mako uku ina kai shafin yana sokewa, yara bakwai na shirin faɗuwa saboda ladabin da ba su roƙa ba.

Ran kasuwar Sheme na haɗu da Baba Ayuba na Tafoki, mahaifin ɗaya daga cikinsu, wanda ke musu karatu a coci. Na zayyane masa komai. Washegari sai ga shi a kan keke. Ya gaida Malam Sada har ƙasa, sannan ya ce, "Malam, mun gode da kunyar da kaka ji mamu. Amma Bitrus da bakinshi ya riƙa ba da labarin ga, haka munka gada. In kun ɓoye hwaɗuwarshi, mi za mu hwaɗa ma wanda ya hwaɗi?"

Malam Sada ya jawo shafin, ya sa hannu. Amma sai da ya ce in rage murya in na zo wurin musun a aji.

Kwana tara suka rage mana. Tambayar ta fito. Biyar suka ci, biyu suka faɗi, cikinsu har da ɗiyar Baba Ayuba, kuma har yau ina ganin makonni ukun nan ne suka kayar da ita.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin malamai: kafin ka kare mutuncin mutane, tambaye su inda mutuncin nasu yake.