Zinariya da Miyar Tsibiri

A unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Zinariya. Iyayenta daga Damagaram suka zo aikin hajji, suka zauna. A nan ta girma, ta yi aure, ta zama mai girki a wani ƙaramin masaukin alhazai kusa da gidansu.

Wata shekara, wata dattijuwa daga tsibirin Tirinidad ta sauka a masaukin. Kullum sai a dawo da farantinta, ta ci shinkafa ta bar naman. Zinariya ta damu, ta kira ɗanta Marwan, direban bas mai jin Turanci, ya tambayo mata dalili.

"Ummi, ta ce likita ne ya hana ta nama. Tana roƙo ki bar ta ta shiga madafa."

Washegari da hantsi dattijuwar ta shigo, ta ga kuɓewa a kwando, ta ɗauki ɗaya tana murmushi kamar ta ga 'yar garinsu. Ta nemi ganyen gwaza, babu, aka kawo alayyafo. Ta haɗa shi da kuɓewa da kabewa, ta zuba madarar kwakwa, ta jefa attarugu guda ba ta fasa ba. Da ya nuna, ta murza tafin hannuwanta tana neman wani abu. Zinariya ta gane, ta miƙo mata maburgi. Su biyun suka tuntsire da dariya.

Ƙamshin ya cika madafar. Ta bakin Marwan, dattijuwar ta ce a garinsu ruwan sama kan kwana yana zuba, itatuwan kwakwa kuma har bakin teku. Zinariya tana saurare, tana kallon baƙin dutsen da ke bayan taga, ta ga kamar yana yin kore a hankali.

Bayan an sauko daga Mina, baƙuwar ta koma ƙasarsu. Zinariya ta ci gaba da yin miyar duk Juma'a. Wani lokaci ta dafa wake da shinkafa a madarar kwakwa, ta soya ayaba a gefe. Da farko Marwan kan laluba kwano yana neman tsoka, daga baya ya daina nema. Maƙwabta suka sa mata suna miyar tsibiri, suna aiko da kwanoninsu.

Idan tana burga miyar, takan ji kamar iska mai laima na kaɗa mata gyale.

Wata rana Marwan ya kai ta Jidda. Ta tsaya bakin ruwa ta ce, "Ta ina tsibirin yake?"

"Ummi, ai ba wannan tekun ba ne. Nasu yana can yamma, da nisa sosai."

"To, nuna mini yamman."

Ya nuna mata. Ta tuɓe takalmanta, ta shiga har ruwa ya rufe idon sawunta, ta tsaya tana kallo har aka kira la'asar.