Alhaji Sule Mai Goro, Abokin Tafiyata

Ina kan keken ɗinki da hantsin Talata Hajiya Rabi ta aiko cewa maigidanta, Alhaji Sule mai goro, ya cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwo ɗaya ne ya haɗa mu. Shekarar da soja suka miƙa mulki muka zauna benci guda a layin ganin likita, kowa yana matsa sharaɓarsa. Aka ce jini ba ya sauka ƙafafunmu sosai: mu bar taba, mu riƙa tafiya kullum, in ciwon ya kama mu tsaya, in ya lafa mu ci gaba. Ni dai na ce to, na koma shago. Washegari bayan asuba sai ga shi a ƙofata.

"Malam Habu, fito. Ƙafa kamar jaki take, in ta saba da kwanciya ba ta tashi da lallashi."

Shekara biyu muna bin gefen titin jirgin ƙasa na Agege. Masu okada, wato 'yan acaɓa, su tsaya, "Baba, ku hau mana!" ya sallame su da Yarbanci. Ya fi ni juriya, amma bai taɓa wuce ni ba. In ya ga na fara ɗingishi, sai ya tsaya taya ƙosan da ba zai saya ba, don kada in ji kunya.

Bana ƙusa ta soke shi a babban yatsa. Ya ɗaure da tsumma, bai gaya wa kowa ba, har yatsan ya yi baƙi. Aka yanke ƙafar, abin bai tsaya nan ba. Da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, "Ni na ɓoye nawa. Kai ka riƙa duba ƙafarka kamar yadda kake duba ɗinki."

Yau kwana tara ban taka ko'ina ba sai masallaci. Ƙafata ta hagu sanyi ƙalau, jiya kuma na ga ɗan ƙurji a diddige. Gobe zan je wurin likita, kuma wallahi tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan Alhaji Sule, Ya yafe kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa. Allah Ya bai wa Hajiya Rabi da 'ya'yansu haƙuri, Ya tsaya musu. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.