Kwalaye Uku a Motar Mashi

Shekarun baya, lokacin ina riƙe da makullin wani siton magunguna a nan Daura, aka turo mana wata injiniya, sa'ar 'yata ta fari. Daga sitonmu ake raba magani zuwa ƙananan asibitocin ƙauye, har su Dutsi da Mashi. Ta zo da wasu 'yan takardu masu gam, kowace ba ta wuce katin waya ba, ta ce a manna wa kowane kwali ɗaya. Na ɗaga guda a hasken rana, sai ga siririyar waya nannaɗe a ciki.

Na ce, "'Yar nan, wannan kuma layar mece ce?"

Ta yi dariya. "Baba, kowace da lambarta. Na'ura za ta yi kira kamar rediyo, ita kuma ta amsa, ko da kwalin yana can ƙarƙashin wasu."

"Batir fa?"

"Ba ta da shi. Da ƙarfin kiran take amsawa."

Na ce to, madalla. A raina kuwa na ce ni da nake gane kwali ko ido rufe, takarda ce za ta koya mini aiki? Ta kafa na'ura a bakin ƙofa, ta ba ni ta hannu. Na jefa tawa a durowa.

Wata Laraba da hantsi aka kira mu daga babban ofis. Wai wani rukuni na maganin tarin yara ya samu matsala tun a masana'anta, kada a kuskura a ba kowane yaro. Kwalayensa iri ɗaya ne da na mai kyau, sai dai wata 'yar lamba a gefe. Na dubi tulin kwalayen da ya kusa taɓa rufi. Sauke shi ɗaya bayan ɗaya aikin kwana biyu ne, ga shi motar rabo ta fita tun sassafe.

Allah Ya sa injiniyar tana nan. Ta ce, "Baba, ina na'urarka?"

Na ciro ta da kunya, har na share mata ƙura da hannun riga. Ta shigar da lambar, ta miƙo mini, ta ce in bi layi kawai. Ban yi taku biyar ba na ji na'urar ta yi ƙit. Gaba kaɗan, ƙit. Kwali yana tsakiyar tuli, ban gan shi ba, ban taɓa shi ba, amma yana amsawa! Kafin shayina ya huce mun ciro tara, har da ɗaya a bayan gidajen sauro, inda na rantse babu maganin tari.

Ta duba kwamfuta. "Sha biyu suka shigo, Baba. Uku sun fita ta ƙofar nan da safe, a motar Mashi." Har asibitin da aka rubuta wa kowanne ta karanto.

Na kira direban, abokina ne tun ƙuruciya. Ya ce biyu suna mota, amma ya sauke ɗaya a wani asibiti yanzun nan, yana shirin tayar da mota. Na ce, "Koma! Don Allah koma da gudu!" Ina jin ƙarar silifas ɗinsa ta waya. Can ya dawo yana haki.

"Malam, wallahi da na shiga kwalbar tana hannun ma'aikaciyar asibitin. Ta ɓalle murfi ke nan, ga uwa riƙe da ɗanta."

Zama na yi a kan kwali. Na ce Subhanallah.

Na daɗe da barin aikin, kuma har yau ban gama fahimtar yadda abu marar rai yake jin kira ya amsa ba. Na dai koyi cewa ilimin da Allah Ya ba ɗan Adam ya wuce iyakar abin da idona ya saba gani. Uwar yaron nan kuwa, abokina ya ce an sauya wa ɗanta magani, ta goya shi ta fita tana mitar an ɓata mata lokaci. Ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba. Na fi so ta tsufa tana ganin ranar nan jinkiri kawai aka yi mata.