Ruwan Rijiyar Gidanmu

Da jami'a ta sa sunana cikin ɗaliban sashen kasuwanci da za a kai Landan ziyarar karatu, kowa a gida sai murna, ban da Inna. Ita ɗaki ta shiga ta ɗauko 'yar gorar roba, ta cika ta da ruwan rijiyar da Baba ya haƙa a tsakar gidanmu, ta ɗaure bakin da leda. Baba a Landan ya rasu ina ɗan firamare, lokacin da ma'aikatarsu ta kai shi neman magani. Can aka binne shi, kuma babu wani namu da ya taɓa ganin kabarin.

"Ka yayyafa masa," ta ce. "Ba na son turare, ba na son atamfa. Tsarabata ke nan."

Malamin da ya jagorance mu tun a filin jirgi ya karɓe fasfo ɗinmu. A tafiyar bara wani ɗalibi ya sulale ya ɓace, to wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ko bayi za ka sai ka faɗa masa.

Kullum da safe mu sa kwat mu shiga wani kamfani, a rataya mana kati a wuya, wata baturiya ta yi ta nuna mana zane a bango muna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Da rana a kwashe mu kallon gada da babban agogo. Abokaina suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa duk inda motar ta bi lissafi nake ko ta nan ake zuwa maƙabarta. Gorar tana aljihun rigar sanyina. A ƙofar wani banki mai gadi ya juya ta, ya shinshina, ya miƙo mini yana murmushi. Da ya zubar da ita ban san abin da zan yi masa ba.

Na roƙi Malam ya ba ni rabin yini.

"Haka wancan ya ce, wai zai gai da kawunsa," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Na ji zafin maganar nan ƙwarai. Kabarin ubana aka haɗa da ƙaryar wani.

Ranar Juma'a, ana gobe za mu tashi, aka kai mu salla masallacin unguwar Whitechapel. Nan na haɗu da dattijon da na yi ta kira a waya, Bahaushen zangon Gana mazaunin unguwar Edmonton, wanda shi ya yi wa Baba wanka. Ya zo yana dogara lema. Da ya ji yadda muka yi, sai ya tari Malam.

"Malam, ba ni yaro. Mamanshi ya aiko shi wurin babanshi. In bai dawo ba, ka yi reporting ɗina."

Malam ya ce in je, amma in dawo kafin isha'i. Sauran ɗalibai suka wuce hawan wani katafaren lilo da ke bakin kogi.

Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka hau bas, ruwa na ta zuba siriri siriri. Kafin mu isa gari ya fara duhu, ofishin maƙabartar kuma an rufe. Dattijo ya shige gaba, ya bi layi, ya dawo, ya sake bin wani. Can ya tsaya tsakanin wasu kaburbura biyu da ciyawa ta rufe, babu alama a kan ko ɗaya.

"Katako muka sa, ruwa ya cinye shi," ya ce. "Ko wannan, ko wannan. Ɗana, ka yi haƙuri, na tsufa."

Na tsuguna na kwance ledar da Inna ta ɗaura. Na yayyafa rabi a dama, rabi a hagu. Ƙasar ta riga ta jiƙe sharkaf, ko wurin da ruwanmu ya sauka ban gane ba. Na yi addu'a ban san ɓangaren da zan kalla ba, sai kawai kuka ya ƙwace mini. Dattijo ya riƙe mini lema, shi yana jiƙewa.

Da na koma gida, Inna ba ta tambaye ni kamfani ko gada ba. Ta bari 'yan sannu da zuwa suka watse.

"Ka same shi?"

"Na kai ruwan, Inna."

Ta karɓi gorar ta girgiza, ta ji babu komai. Ta daɗe tana riƙe da ita.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Yanzu dai akwai namu da ya san inda yake."

Ta tashi ta sa gorar cikin akwatin kayan Baba, ta rufe.