Simintin Ɗakin Iya

Wata Asabar da hantsi, ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, a shekarar da na shiga aji huɗu, wata a-kori-kura ta sauke buhunan siminti a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gwaram. Baba ne ya yo su daga Birnin Kudu inda yake aiki. Mu yara muka yanyame buhunan muna dangwalar garin muna shafa wa juna a goshi. Baba yana ta fara'a, ya ce ɗakin Iya, mahaifiyarsa, za a shafe da shi, ta huta da wahalar yaɓe. Duk gidan ba wanda ya kai ni murna, domin a ɗakin nake kwana, kuma ni ce jakar wannan wahalar.

Ɗakin na ƙasa ne, marigayi kakanmu ya gina shi da hannunsa. Kowace bazara, idan an sauke ɗorawa an cire gari da kalwa, sai Iya ta tara ɓawon ta jiƙa a manyan tukwane har ruwan ya yi jawur. Shi ne makuba. Da shi ake kwaɓa jar ƙasa a yaɓe bango, idan ya bushe ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa. Ni ke ɗebo ruwa daga rijiya, ni ke tattake kwaɓin, ƙafafuna su rine, 'yan ajinmu su yi ta tsokanata wai na yi lallen tsofaffi. Idan na tura baki sai Iya ta ce, "Ɗaki ma cin abinci yake, shekara-shekara." Haushin maganar nan nake ji, ba kaɗan ba.

Baba ɗan farin Iya ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, idan ya zo gaishe ta gefe take kallo ta amsa a taƙaice. Ranar da magina suka fara aiki ta zauna a bakin murhu tana kallonsu, ta ƙi cin tuwo. Da yamma tana tsefe mini kai ta ce, kamar da kanta take magana, ƙasa numfashi take yi, idan aka toshe ta sai ta ruɓe daga ciki. Na ce to ta gaya wa Baba mana. Ta ja mini gashi har na yi ƙara, ta ce, "Abin da ɗa ya kawo wa uwarsa ba a kushe shi."

Shekarar farko ɗakin ya zama abin kallo, har mata na shigowa su shafa bangon su yi wa Iya barka. Ni kuwa bangon ya zame mini allo, ina rubutu da gawayi. A shekara ta biyu, idan na ƙwanƙwasa bangon sai in ji yana amsawa kamar ƙwarya, simintin ya rabu da ƙasar, ruwa yana bi ta tsaga yana kwanciya a baya. A marka ta uku, bayan la'asar, muna rumfa muna ɓarar gyaɗa, bangon gabas ya sulale gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ciwo, amma rufin ya biyo shi, ya binne gadonta da tukwanenta. Washegari Baba ya zo, ya daɗe tsaye a kan ɓaraguzan, sannan ya durƙusa ya tambaye ta ko dama ta san haka za ta faru. Iya ta dube ni, ba shi ba, ta ce, "Ki ce masa ruwa ne ya yi gyara."

Ya gina mata ɗakin bulo da rufin kwano. Da bazara ɗakin kamar tanda, sai ta wuni a gindin ɗorawa da tabarmarta. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba har ta rasu, amma ban sake jin ta ce "ɗakina" ba, sai dai "ɗakin nan". Wannan yana ci mini rai har yau.

Yanzu 'yata tana karatun injiniyan gini a jami'a. Da ta zo hutu take mana bayanin cewa gasa farin dutse a yi siminti yana fitar da iskar da ke ƙara ɗumama duniya, don haka suke gwada gasasshen yumɓu da tokar ɓuntun shinkafa domin a rage shi a kwaɓi. Da na ba ta labarin makuba sai ta matso, tana tambayar kwana nawa ake jiƙawa, wace ƙasa ake zaɓa, yaya ake gane ya yi. Na ce mata ban sani ba. Ɗebo ruwa da tattake kwaɓi kawai na sani. Baba, wanda yanzu ya tsufa yake zaune da mu, ya sunkuyar da kai, can ya ce shi ma bai sani ba. Iya kunya ce ta hana ta faɗa, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.